Mai Canja Takarda, 1976

Aikina canja takarda ne.
Kullum da safe in sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa
a bayan Trieste, inda dutse ke zufa,
in warware ta jiya daga jikin ganga,
in naɗa sabuwa, in shayar da allura tawada.
Karatun na masu ilimi ne.
Ni Tarcisio ne kawai, mai mabuɗi da tsumma.

Yawancin kwanaki layin miƙe yake,
zare ɗaya, babu ƙulli.

Huɗu ga Fabrairu allura ta ɗan taka rawa,
faɗin rawar bai kai tafin hannuna ba.
Na hura tawada ta bushe, na tafi shan kofi.
Daga baya rediyo ya ce Gwatamala:
ƙarfe uku na dare, bangon laka a kan masu barci,
dubu ashirin da 'yan kai.
Na ce Allah sarki,
na ƙara wa miyata gishiri.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To wane ruwa ake shafa wa ƙasa?

Shida ga Mayu, tara na dare.
Zafi ya hana kowa rufe taga.
A Gemona ƙanwata Nives tana kan keken ɗinki,
tana rage wa mijinta ƙafar wando.
Shi Ermes ya fita tsawata wa kare
da ya ƙi yin shiru tun la'asar.
Kare ya rayu. Ermes ya rayu.
Wandon ma mun same shi rana ta uku,
ƙafa ɗaya a ɗinke,
ɗaya da alluran riƙo a jiki.

Da na koma aiki na nemi takardar daren.
Ina so in ga yadda aka rubuta ta.
Layi ya taho lafiya lau har ƙarfe tara,
sai tsalle ɗaya, sai ɗigon tawada,
sai fari.
Allura ta bar ganga gaba ɗaya.
Na nesa ta rubuta shi dalla-dalla,
namu ya fi ƙarfin bakinta.

Tun daga nan na daina hura tawada in wuce.

Ƙarshen Yuli ta yi rubutu har ta gaji.
Suka auna, suka ce Tangshan, a ƙasar Sin.
Mutum nawa? Shiru.
Na zauna da takardar a cinya
kamar wasiƙa cikin harshen da ban iya ba,
amma na san ta ta'aziyya ce.

Agusta, Mindanao, tsakar dare,
teku ya ja da baya kamar mai jin kunya
sannan ya dawo ya shiga ɗakunan masunta.

Satumba ta sake waiwayo mu.
Bangon da Ermes ya ɗaga da hannunsa duk damina,
jeri goma sha ɗaya,
ya kwanta inda na farko ya kwanta.
Bai yi kuka ba. Ya ɗauki kare,
ya hau motar da ke kai mutane bakin teku.

Nuwamba, gabashin Turkiyya, ƙauyukan tafkin Van:
wanda ƙasa ta bari, ƙanƙara ta tambaye shi.
Ban san sunan ko mutum ɗaya ba,
amma na san akwai wanda ya fita duba tumaki,
kuma har ya mutu zai riƙa tambayar kansa
me ya sa bai ce mata ta rako shi ba.

Yau shekara ta ƙare.
Takardu ɗari uku da sittin da shida a kan kanta,
na ɗaure su da igiya.
Nauyinsu bai kai na jariri ba.

Da dare ina ajiye kofin ruwa a gefen gado.
Ba don ƙishi ba.
Ina kallon fuskar ruwan
har barci ya sace ni.